Hasken leza da wayar haƙori: saurin da ake tallatawa da saurin da aka auna

Wanda ya je a saka masa wayar gyaran haƙora, da zarar an gama maganar kuɗi, tambayar da ke biyo baya ita ce yaushe za a cire. Amsar kuwa ba ta da daɗin ji. A 2016 Aliki Tsichlaki da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi a kan mutum fiye da 1,000, suka gano cewa a matsakaici aikin yana cin kusan wata 20, da zuwa wurin likita kusan sau 18. Wata ashirin mutum yana fama da ƙarfe a baki, ya haƙura da rake da gasasshiyar masara, ya riƙa sa buroshi bayan kowane cin abinci, kuma duk ranar da aka ƙara ɗaure wayar sai ya yi kwana biyu ko uku yana tauna da ƙyar. Budurwar da aka sa wa ranar aure, ko ma'aikacin da kullum yake gaban jama'a, in aka ce musu akwai hanyar rage wannan zama, da wuya su tsaya dogon nazari. A nan ne hasken leza ya samu kasuwa. Asibitocin haƙori a ƙasashe da dama suna tallata shi a matsayin ƙarin aiki mai kuɗinsa daban: 'yan daƙiƙoƙi na haske a kan dasashi, ba allura, ba yanka, ba zafi, sai haƙora su kama tafiya da sauri. Wasu tallace-tallacen na na'urorin haske har alƙawarin rage rabin lokaci suke yi.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne wannan. Hasken ba tsibbu ba ne, yana yin wani abu ga nama da ƙashi, kuma mai yiwuwa yana ɗan gaggauta wani mataki guda na aikin. Amma har yau ba a nuna, ta hanyar da za a dogara da ita, cewa yana rage yawan watannin da mutum zai yi da waya a baki ba. Majiyyaci kuwa watannin nan yake sayen ragowarsu da kuɗinsa, milimitocin da aka auna a ɗakin gwaji ba su dame shi ba. Tsakanin abin da aka auna da abin da ake sayarwa akwai rata, kuma ratar ce ya kamata mai biyan kuɗi ya sani.

Sai an fahimci yadda haƙori yake matsawa kafin a gane abin da ake fata leza ta yi. Haƙori ba manne yake da ƙashin muƙamuƙi kai tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wani siririn tantani mai zaruruwa da jijiyoyin jini, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Idan waya ta ja haƙori zuwa wani ɓangare, tantanin gefen da ake turawa sai ya matsu, na ɗaya gefen kuma ya miƙe. A gefen matsin jiki yana tara wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne cinye ƙashi, su buɗe hanya. A gefen da ya miƙe kuma wasu ƙwayoyin su gina sabon ƙashi su cike gurbin da aka bari. Carl Sandstedt na ƙasar Suwidin ne ya fara nuna wannan a 1904, a gwajin da ya yi da karnuka, daga baya Kaare Reitan na Norwe ya faɗaɗa bayanin. Daga aikinsu aka fahimci wani abu da har yau likitoci ke kiyayewa: in aka matsa da ƙarfi fiye da kima, jini ya daina isa wurin, tantanin ya mace, haƙorin ya tsaya cak har sai jiki ya share mataccen naman, abin da kan ɗauki makonni. Sauri ya haifi nawa ke nan. Shi ya sa ba a gaggauta aikin ta hanyar ƙara ɗaure waya, kuma shi ya sa tafiyar haƙori ba ta cika wuce milimita ɗaya a wata ba. Duk mai son ƙarin sauri dole ya taɓa ƙwayoyin da ke rushe ƙashi da gina shi, domin a hannunsu tafiyar take.

Tarihin amfani da haske don zaburar da ƙwayoyin jiki ya girmi wannan kasuwa da shekaru. Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka a 1960. A 1967 wani likitan fiɗa a birnin Budapest na ƙasar Hangari, Endre Mester, yana gwajin tasirin leza a kan ɓeraye dangane da cutar daji, sai ya lura cewa gashin da aka aske a bayan ɓerayen da aka haska ya fi saurin tsirowa. Lezarsa ba ta da ƙarfin ƙonawa, kuma daga wannan rashin ƙarfi aka samu sabon fanni. Leza mai sauƙin ƙarfi ba ta yanka, ba ta dafa nama. Jan haske ne, ko wanda ya ɗan zarce ja har ido ba ya ganinsa, mai tsawon zango tsakanin nanomita 600 da 1,000. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda ake dangantawa da aikin Tiina Karu a Rasha tun shekarun 1980, shi ne cewa wani sinadari a cikin mitokondiriya, wato ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar mata da kuzari, yana shan wannan haske, sai kuzarin ƙwayar ya ƙaru. Idan haka ne, babu mamaki a yi tunanin ƙwayoyin cin ƙashi da na gina shi za su ƙara himma in an haska su. A 2000 Kawasaki da Shimizu a Japan suka gwada a kan ɓeraye, suka samu haƙoran da aka haska sun yi tafiya ninki 1.3 na waɗanda ba a haska ba, kuma ƙwayoyin cin ƙashi sun ƙaru a gefen matsi. Tunanin dai yana da tushe. Sai dai ƙashin bakin ɓera siriri ne, haske na ratsa shi cikin sauƙi, gwajin kuma na kwanaki ne. Saiwar fiƙar ɗan Adam tana can ƙarƙashin dasashi da ƙashi mai kauri, kuma galibin hasken yana watsewa kafin ya kai gare ta.

Gwajin farko da ya yi suna a kan mutane an yi shi a Burazil, aka wallafa a 2004. Cruz da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 11 da aka cire musu haƙori don a ja fiƙa baya, suka haska gefe ɗaya na baki suka bar ɗayan, bayan wata biyu suka ce gefen da aka haska ya fi tafiya da kashi 34 cikin ɗari. Bayan shekara biyu, a 2006, Limpanichkul da abokan aiki a Tailan suka yi makamancin gwajin da mutum 12, da wata leza mai ƙarfi daban, ba su ga wani bambanci ba. A 2012 Doshi-Mehta da Bhad-Patil a Indiya, da mutum 20, suka samu ƙarin sauri na kusan kashi 30 cikin ɗari. A 2017 wasu likitoci a Jami'ar Dimashƙa ta Siriya suka gwada a matakin farko na aikin, wato daidaita cunkusassun haƙoran gaba, da mutum 26, suka ce waɗanda aka haska sun gama matakin cikin kwana 81, sauran kuma 109. Akwai wasu gwaje-gwajen da yawa, masu cewa e sun fi masu cewa a'a. Wanda ya tsaya ga ƙirga su kawai zai yanke hukunci cewa magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, kuma dalilin farko lissafi ne mai sauƙi. Mu ɗauka kashi 30 ɗin nan gaskiya ne tsantsa. Gurbin haƙorin da aka cire ya kai milimita 7 ko kusa da haka. In fiƙa tana tafiyar milimita ɗaya a wata, za ta rufe shi cikin wata bakwai. In ta ƙara saurin kashi 30, cikin wata biyar da rabi. An ci ribar wata ɗaya da rabi daga cikin ashirin. Na Dimashƙa kuwa ribarsa kwana 28 ce. Ba abin rainawa ba ne, amma ina rabin lokacin da aka yi wa mutum alƙawari? Gyaran haƙora ba mataki ɗaya ba ne. Akwai daidaita jeri, akwai rufe gurbi, akwai gyara yadda na sama da na ƙasa suke haɗuwa, sannan akwai gyaran ƙarshe, inda likita ke karkata saiwoyi ɗaya bayan ɗaya har su zauna daidai, kuma wannan na ƙarshen yakan ci watanni. Haƙorin da aka ja da sauri sau da yawa kansa ne ya karkata, saiwarsa tana nan baya, sai an dawo an miƙar da ita. Lokacin da aka ci a mataki na biyu yana iya zubewa a mataki na huɗu. Yawancin gwaje-gwajen wata biyu ko uku suke bibiya, su auna milimita, su rufe littafi. Kaɗan ƙwarai ne suka bi majiyyata har ranar cire waya, alhali wannan ranar ce kaɗai ma'aunin da ya shafi wanda ke zaune a kujera.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi a ganina, kuma shi ne tallace-tallace ba sa ambata. Yawancin gwaje-gwajen da suka samu sakamako mai kyau ba sau ɗaya a wata suke haskawa ba. A na Indiya da na Siriya, majiyyaci yana dawowa a rana ta 3, ta 7 da ta 14 a watan farko, sannan duk bayan kwana 15. A al'ada kuwa mai wayar haƙori duk mako huɗu zuwa takwas yake zuwa wurin likita. Wato don a rage masa wata ɗaya, sai an ninka masa zirga-zirga. Wasu masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Mistry da abokan aikinsa, sun yi tambayar da ta dace: in aka haska a ranar zuwa asibiti ta al'ada, duk mako huɗu, me zai faru? Suka tsara gwajin yadda majiyyaci da likita da mai auna sakamako duk ba su san gefen da aka haska da gaske ba. Sakamakon da suka wallafa a 2020 shi ne babu bambanci. Ga dai inda aka tsaya: tsarin da ake iya bi cikin sauƙi bai nuna amfani a wannan gwajin ba, wanda ya nuna alamar amfani kuma yana da wuyar bi. Wannan ya fi shafar mutanenmu fiye da mazauna Sidni. Ƙwararrun gyaran jerin haƙora a Nijeriya da Nijar ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan birane da asibitocin koyarwa. Wanda ke tasowa daga wani gari mai nisa zuwa Kano ko Abuja don ganin likita, ko wanda aka saka wa wayar a ƙasar waje ya dawo gida, ta yaya zai koma a rana ta uku da ta bakwai? Kuɗin mota da ranakun aikin da zai rasa sun isa su cinye ribar.

Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen likitanci ta faɗi ƙarfin hujjarsu, ta duba wannan batu sau biyu. A 2015 Ahmed El-Angbawi da abokan aikinsa gwaji biyu kacal suka samu da suka cika sharuɗɗansu, kuma duka biyun ba na leza ba ne. Da suka sabunta nazarin a 2023, sun samu gwaje-gwaje 23 da mutum 1,027, wasu na haske wasu na na'urar girgiza haƙora. Ko ɗaya daga cikinsu bai tsira gaba ɗaya daga zargin rauni a tsarinsa ba. Hukuncinsu shi ne hujjar mai rauni ce ko mai rauni ƙwarai. Akwai alamar haske na iya gaggauta wasu matakai, musamman daidaita jeri a farko, amma ko wannan ribar tana da tasirin da majiyyaci zai ji a jikinsa, abin tambaya ne. Ba su ce leza ba ta aiki ba, kuma bai kamata a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Sun ce abin da ke hannu bai isa a gina alƙawari a kansa ba.

Masu goyon bayan leza suna da amsoshi, kuma wasu daga ciki suna da ƙarfi. Ta farko ita ce maganar ma'auni. Suna cewa haske magani ne, yana da adadin da ya dace: in ya yi kaɗan ba ya komai, in ya yi yawa yana danne ƙwayoyin maimakon zaburar da su, saboda haka gwaje-gwajen da ba su ga komai ba sun kuskure adadin ne. An ga irin wannan hali a ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji, ba ƙirƙira ba ce. Amma in an bi hujjar zuwa ƙarshenta, kan mai ita take juyawa. Sama da shekara ashirin ke nan da gwajin Burazil, har yanzu ba a haɗu a kan tsawon zango guda ba, ko ƙarfin na'ura, ko daƙiƙoƙin haskawa, ko wuraren da za a ɗora bakin na'urar, ko yawan ranaku. Wani ya yi da nanomita 780, wani da 810, wani da 860, wani da 940. In masana ba su san adadin da ke aiki ba, likitan da ya sayo na'ura ya ajiye a asibitinsa daga ina ya san nasa ne daidai? Kuma hujjar da duk gwajin da ya ci nasara za a ce ya tabbatar da ita, wanda ya faɗi kuma a ce kuskuren ma'auni ne, ta zama hujjar da babu abin da zai iya kayar da ita, irin wannan kuwa ba ta da amfani ga mai neman gaskiya.

Amsa ta biyu ita ce yawan gwaje-gwajen da suka ce e, da kuma ƙorafin cewa Cochrane ta ajiye gefe duk gwajin da aka raba baki biyu, aka haska gefe aka bar gefe, alhali su ne suka fi yawa. Gaskiya ne an ajiye su, kuma wasu nazarce-nazarcen da suka haɗa da su sun fi nuna wa leza sassauci. Sai dai akwai dalili. Gefen baki biyu waya ɗaya ce ta haɗa su, abin da ya faru a dama yana iya shafar hagu, kuma tun da mutum ɗaya ne, ranar cire wayarsa ɗaya ce, irin wannan gwaji ba zai taɓa faɗa mana ko jimillar lokaci ta ragu ba. Ban da haka, gwaji mai mutum goma sha ko ashirin yana saurin ba da sakamako mai ban mamaki bisa dace kawai, domin mutane sun bambanta ƙwarai a saurin tafiyar haƙoransu, kuma bambancin da ake aunawa kashi ne na milimita, a kan samfurin baki da aka zuba da farar ƙasa ko aka ɗauka da na'ura. In mai aunawa ya san gefen da aka haska, hannunsa na iya karkata ba tare da ya yi niyya ba. Sannan sanannen abu ne a duk fannonin likitanci cewa ƙaramin gwajin da ya samu abin mamaki ya fi samun shiga mujalla fiye da wanda bai samu komai ba. Tarin ƙananan gwaje-gwaje masu rauni iri ɗaya ba ya zama babban gwaji mai ƙarfi.

Amsa ta uku ita ce leza mai sauƙin ƙarfi ta riga ta samu karɓuwa a wasu wurare, kuma wannan gaskiya ne. Masu fama da cutar daji da ake yi wa gashi ko ƙarin ruwan magani sukan samu gyambo mai tsanani a baki, kuma a nan hujja ta yi ƙarfin da hukumar NICE ta Ingila ta amince da amfani da hasken a 2018, ƙungiyoyin ƙwararru na duniya ma suka sa shi cikin jagororinsu. Amma gyambon fatar baki a sarari yake, haske na sauka a kansa kai tsaye, abin da ake nema kuma warkewar rauni ne. Sake ginin ƙashi a kewayen saiwa tsawon shekara biyu wani aiki ne daban. Nasarar can ta nuna cewa fannin ya cancanci a ci gaba da bincikensa, ba ta biya wa wannan bashin hujjarsa ba. Maganar rage ciwo ma haka take: akwai gwaje-gwajen da suka nuna hasken na iya sassauta zugin kwanakin farko bayan saka waya, hujjar dai mai rauni ce, ciwon kuma da kansa yake kaiwa ƙololuwa cikin kwana ɗaya ya lafa cikin mako, kuma farasitamol na 'yan kuɗi kaɗan yana maganinsa.

Da kamfanoni suka ga matsalar zirga-zirga, sai suka kawo na'urorin da mutum zai yi amfani da su a gida. Wanda ya fi suna shi ne OrthoPulse, wanda wani kamfanin Kanada ya ƙera, ana sa shi a baki minti goma a rana. Ba leza ba ce ta ainihi, ƙananan fitilu ne masu haske mai zangon nanomita 850, kuma hujjarsa ta fi ta leza ƙaranci, wani ɓangarenta ma daga gwaje-gwajen da ke da alaƙa da masu sayarwa ta fito. Ya kamata a tuna da abin da ya faru da AcceleDent, na'urar da ake cizawa minti 20 a rana tana girgiza haƙora. An sayar da ita da tsada a Amurka da Turai bisa alƙawarin rage lokaci sosai. Da aka yi gwaji mai zaman kansa a Ingila da mutum 81, aka raba su uku, wasu da na'urar gaske, wasu da ta bogi, wasu babu komai, sakamakon da aka wallafa a 2015 bai nuna wani ƙarin sauri ba, kuma da aka bi mutanen har ƙarshen aikinsu, jimillar lokacin ma ba ta ragu ba. Wannan bai tabbatar da cewa haske zai bi sahunta ba. Ya dai nuna cewa a wannan fanni kasuwa takan riga bincike isa, kuma kafin binciken ya iso jama'a sun riga sun biya. Wata kalma da ake yawan jingina da ita ita ce hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izini. Ga yawancin na'urori irin waɗannan, iznin yana nufin na'urar ta yi kama da wata da ke kasuwa kuma ba a ga haɗarinta ba, ba ya nufin hukumar ta tabbatar da yawan watannin da aka rubuta a takardar talla.

Saura amsar da ta fi shiga zuciya: tun da ba ya cutarwa, me zai hana a gwada? Dangane da lafiya, maganar tana kan hanya. Ba a samu rahoton wata babbar illa ba, in dai likita da majiyyaci sun sa tabarau na kariya, domin hasken da ido ba ya gani yana iya lalata ido ba tare da mutum ya ƙifta ba. Kuma neman rage lokaci ba son jiki ba ne kawai: gwargwadon daɗewar waya a baki, gwargwadon haɗarin fararen tabo a jikin haƙori, kumburin dasashi, da zaizayewar ƙarshen saiwa. Da leza tana rage watanni da gaske, da ta zama alheri ta wannan fuska ma. Amma rashin cutarwa ga jiki ba ya nufin rashin asara. Akwai kuɗi, akwai lokaci, akwai kuma abin da ya fi su, wato tsammanin da aka dasa wa mutum. Wanda aka ce masa zai gama cikin shekara ɗaya, in ya kai wata goma sha biyar bai gama ba, shi ne yake matsa wa likita a cire wayar aiki bai kammala ba, haƙora kuma su fara komawa inda suka fito. Likitan da ya ce wa majiyyaci ga wani abu da ake gwadawa, mai yiwuwa ya ɗan taimaka a matakin farko, ban tabbatar ba, bai yi laifi ba ko da ya haska. Wanda ya rubuta adadin watanni ya karɓi kuɗi a kansu ya sayar da abin da ba shi da shi.

Abin da aka daɗe da sani game da tsawon aikin ba shi da ƙyalƙyali, shi ya sa ba a tallata shi. Binciken da aka yi a kan bayanan ɗaruruwan majiyyata a Amurka da Niyuzilan ya nuna abubuwa iri ɗaya: tsananin cunkoson tun farko, ko an cire haƙori ko ba a cire ba, fashin ranar zuwa asibiti, ɓallewar ƙananan ƙarafan da ake mannawa a haƙori, rashin sa robobin da likita ya ce a sa, da rashin tsabtar baki. Kowane ƙarfe da ya ɓalle saboda an ciji ƙashi ko alewa mai tauri yana mayar da aiki baya, kowace ranar da aka tsallake kan ƙara makonni. A gefen likita kuma, tsari mai kyau tun ranar farko da manna ƙarafan a daidai wurinsu sun fi kowace na'ura rage gyare-gyaren ƙarshe. Akwai kuma hanyoyin tiyata, inda ake tsaga ko huda ƙashin da ke kewaye da haƙora don jiki ya tashi gyara, abin da Heinrich Köle ya bayyana tun 1959. Su ma saurinsu na 'yan watanni ne, hujjarsu ba ta cika ba, ga kuma yanka.

Ga wanda aka yi wa tayin leza, tambayoyi uku sun isa su warware masa lamarin. Ya tambayi likita ko ragin da ake faɗa na mataki ɗaya ne ko na jimillar aikin har ranar cire waya. Ya tambaya sau nawa zai dawo a wata, ya lissafa abin da zuwan zai ci masa. Ya kuma tambaya me zai faru da ƙarin kuɗin da ya biya in lokacin da aka ɗiba ya cika ba a gama ba. In hasken kyauta ne a cikin kuɗin aikin kuma ba zai ƙara masa tafiya ba, babu laifi ya karɓa. In kuwa kuɗinsa daban ne, a halin da bincike yake ciki yau gara ya riƙe kuɗinsa, ya nemi ƙwararren likita, ya kiyaye ranakun zuwa asibiti.